Daga Darambuwa zuwa Awarwaron Roba: Adon Hannu da Ƙawance a Ƙasar Ƙonni da Adar

Gabatarwa

Shaidun tarihi iri biyu ne, akwai manya akwai ƙanana. Manyan su ne ganuwa, da kundayen malamai, da jerin sunayen sarakuna da yaƙoƙinsu. Ƙananan kuwa su ne waɗanda ba a kai su taska: ƴar tsana, da motar kara, da ɗan abin da yarinya take saƙawa ta zura a hannu. Irin waɗannan ba su daɗewa, rana da ruwa da gara suna cinye su, amma sukan bar suna a cikin harshe, su bar ɗabi'a a cikin jama'a.

Malaman ƙananan makarantu da yawa sun san wani aikin hannu da littattafan Faransanci suke kira « bracelet brésilien » ko « bracelet d'amitié », wato munduwar zare da yaro yake saƙawa ya ɗaura wa abokinsa. Yau wayar salula ta ƙara yaɗa shi, har ana ɗaukarsa baƙon abu ne da ya zo daga ƙetare. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa a ƙasar Ƙonni da Malbaza da Illela, cikin jahar Tawa, sassan wannan aiki guda biyu, wato saƙar adon hannu da ƙulla zumunci ta hanyar kyauta, tsofaffin ƴan gida ne. Malamin da ya san tarihinsu zai koyar da abin da ya fi ƙulla zare.

Abin da kalmomi suka adana

Yawan sunayen abu a harshe alama ce ta daɗewarsa a wurin masu harshen. Hausa tana da munduwa, wadda akan ƙera da azurfa ko tagulla ko farin ƙarfe. Tana da awarwaro, siriri wanda akan jera da yawa don ya yi amo. Tana da ƙarau, na gilashi. Tana da kambu, na fata, wanda ƴan kokowa da ƴan dambe da mafarauta suke ɗaurawa a damtse don tsari, ba don ado ba. Akwai tsakiya da murjani da sauran duwatsu da ake shiryawa a zare, akwai jigida ta ƙugu. Daga ƙarshen jerin nan, a wuri mafi ƙasƙanci ta fuskar kuɗi, akwai darambuwa, wato abin hannu da ake kitsawa da ciyawa. Kalmar tana cikin babban ƙamusun Bargery da aka buga a 1934, amma duk malamin da ya tambayi ɗalibansa ma'anarta a yau zai ga hannu nawa ne za su tashi.

Idan aka duba jerin nan da kyau za a ga tsani ne na shekaru da na wadata. Jinjiri akan ɗaura masa zare ko ƴan duwatsu a wuyan hannu, wasu iyaye mata har suna gane ƙibarsa ko ramarsa ta yadda zaren ya kama ko ya saki. Yarinya takan fara da ciyawa da kaba. Budurwa takan kai ga ƙarau da awarwaro. Amarya da uwargida su ne masu munduwar azurfa. A duk matakan nan, ɗaya ne kawai wanda mai abin take yi da hannunta, ba da kuɗin kowa ba, shi ne matakin ƙuruciya.

Hanyoyin da ado ya biyo

Ƙasar da muke magana a kanta mararraba ce tun fil azal. Daga arewa hanyar Abzin take sauko wa, daga kudu kuma ta Kabi da Gobir da Katsina, daga baya ta Sakkwato. Masanin tarihi Djibo Hamani, a littafinsa na 1975 game da Adar kafin zuwan Turawa, ya bayyana yadda Agabba, ɗan sarkin Agadas, ya karɓe Adar daga ikon Kabi a ƙarshen ƙarni na 17, ya kuma zo ya zauna a cikinta wajen 1721. Zuriyarsa ce take riƙe da sarautar Adar da ke Illela. Wannan dangantaka ta sa Adarawa da Ƙonnawa sun daɗe da sanin aikin maƙeran Abzinawa, da munduwar dutse da mazansu suke sawa a damtse.

Ta hamada kuma kayan Turai suke shigowa tun Turawan ba su zo da kansu ba. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya isa Kano a 1851, ya lissafa duwatsun ado na Benis da Tiriyesta cikin hajar da ya tarar a kasuwa, ya kuma nuna cewa wuri 2,500 ake canza wa da riyal ɗaya na azurfa. Daga kudu, masu aikin gilashi na unguwar Masaga a Bida, ƙasar Nufe, suna narka gilashi suna yin ƙarau da tsakiya, fatake suna bazuwa da su ƙasar Hausa.

A nan ya kamata mai karatu ya lura da abu guda: a da, ado da kuɗi ba su rabu sosai ba. Wuri kuɗi ne, kuma abin shiryawa ne a zare. Riyal ɗin azurfa mai hoton sarauniya Mariya Tareza, wanda ake ta bugawa da shekarar 1780 a jikinsa, kuɗi ne, amma maƙeran fari sukan narka shi su fitar da munduwa da zobe. A kudu maso gabashin Najeriya, wata irin munduwar tagulla ita kanta ce kuɗin kasuwa, sai a 1948 zuwa 1949 gwamnatin Ingilishi ta janye ta. Saboda haka munduwar uwargida asusu ce da take yawo da ita a hannu, ranar wuya ta fid da ita.

Duk wannan harka ce ta manya. Yarinya mai shekara shida ko bakwai ba ta da wuri, ba ta da riyal. Abin da take da shi yatsu ne goma, da daji a bayan gari.

Makarantar gindin bishiya

Kayan aikin yara a ƙasa suke. Bayan damina, lokacin da ciyawa ta ƙosa ta fara ja, akan zaɓi mai santsi wadda ba ta karyewa in an tanƙwara ta. Akwai kaba, wato ganyen ƙaramar goriba, wadda manya suke saƙa tabarma da faifai da malfa da igiya da ita. Tsarge-tsargen da suka zuba a gefen masu saƙa rabon yara ne. Akwai guntayen zare daga wurin tsofaffi masu kaɗi, domin auduga tsohuwar shuka ce a fadamun wannan yanki: a gurje ta a magurji, a shiɓe ta, a kaɗa ta da mazari, a fitar da abawa da siririn zare. Akwai kuma yankakken fata daga rumfar baduku.

Launi ma na gida ne. Ja daga karan dafi yake fitowa, shuɗi daga baba, ruwan ɗorawa daga saiwar rawaya, baƙi kuwa daga kuloko, wanda dukawa suke haɗawa da kashin maƙera. Yarinyar da ta zauna kusa da marina ko kusa da majema ba ta rasa ɗan abin da za ta tsoma tsargen kabarta a ciki.

Babu malami da allo a wannan makaranta. Ƙarama tana kallon babba, ta gwada, ta ɓata, a warware mata, ta sake. Da tufka ake farawa, a murza sili biyu a cinya. Daga nan a shiga kitso mai ƙafa uku, sannan mai huɗu. Hannun da ya saba da wannan shi ne gobe zai kitsa kai, ya saƙa faifai, ya tufke igiyar guga. Ashe abin da ake gani kamar wasa shi ne ajin farko na sana'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wani abin lura kuma shi ne, adon ƴan mata a ƙasar Hausa aikin mutum biyu ne. Da wuya mace ta yi wa kanta kitso mai kyau. Wadda aka ƙunsa wa lalle a hannu biyu ba ta iya ko kora ƙuda sai an taimake ta. Haka nan ɗaure zare a wuyan hannu: hannu ɗaya ba ya ƙulla wa kansa. Tun daga nan yarinya take gane cewa kyanta yana hannun ƴar uwarta.

Ƙawance: zumuncin da ake zaɓa

Dangi Allah ne yake ba mutum, amma ƙawa zaɓarta ake yi. Mafi kyawun shaidar da aka rubuta game da wannan al'ada ita ce ta Baba ta Karo, wata tsohuwa Bahaushiya da aka haifa wajen 1877, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. A cikin labarin an ga cewa ƙawance ba sabo ne kawai ba: alkawari ne tsakanin tsara biyu, wanda ake ƙullawa da musayar kyauta, jama'a su sani, ya kuma ɗore har tsufa. An ga wani nau'in kuma tsakanin babba da ƙarama, wato yaya da ƙanwar rana, inda babbar take kula da adon ƙaramar, ƙaramar kuma take yi mata hidima. Duk wanda ya tashi a Ƙonni ko Dogarawa ko Badagishiri ya san babbar ƙawa a gidan aure, ya san babban aboki a gefen ango, domin tsarin ɗaya ne.

Idan ƙawaye suka girma, kyautarsu takan koma biki. Ƙa'idar biki sananna ce: abin da kika kawo mini ranar sunana, ranar taki hidimar in mayar miki da ninkinsa, a yi ta hawa har ya yi nauyi, sannan a sauko a sake farawa. Bafaranshen nan Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a ƙasar Maraɗi, ya keɓe littafi guda a 1986 ga wannan tattalin arziki na kyauta, ya nuna cewa yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da na kasuwa. Ita kuma Enid Schildkrout, a bincikenta na shekarun 1970 a Kano, ta nuna yadda talla take shigar da ƴan mata harkar kuɗi tun suna ƙanana, ribar kuma tana tafiya ga kayan ɗakinsu.

To, kafin talla, kafin biki, da me yarinya za ta fara koyon bayarwa? Da abin da ba ta saya ba: ƙwallon goriba, ɗan ƙunshin lalle, abin hannu da ta kitsa. Darajar irin wannan kyauta ba ta cikin kayan da aka yi ta da su, tana cikin lokacin da aka ɓata da kuma sunan wadda aka yi domin ta. Bugu da ƙari, abin ciyawa ba ya wuce ƴan makonni. In ana son zumuncin ya ci gaba, dole a sake saƙa wani. Rashin ƙwarinsa shi ne darasinsa, domin Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take.

Iyakar da zumunci ya tsallake

A watan Mayu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta faɗa wa Birnin Ƙonni, ta ƙone shi, ta hallaka jama'a masu ɗimbin yawa. Bayan haka Faransa da Ingila suka ci gaba da jan layi a takarda. Yarjejeniyar 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato. Ta 1904 da ta 1906 suka gyara layin, Ƙonni ta tabbata a hannun Faransa. Ta haka aka wayi gari Ƙonni tana ƙasa guda, ɗaya Illelar, wadda take ƴan kilomitoci kaɗan a kudu, tana wata ƙasar.

A daidai wannan zamani, can a Indiya, Ingilishi sun raba ƙasar Bengal gida biyu. Ranar 16 ga Oktoba 1905, da rabon ya fara aiki, marubuci Rabindranath Tagore ya kira jama'a su ɗaura wa juna zaren rakhi, wanda a al'adarsu mace take ɗaura wa ɗan uwanta namiji, don Hindu da Musulmi su nuna cewa su ƴan uwa ne. A 1911 aka soke rabon. A ƙasar Ƙonni ba a yi gangami irin wannan ba, ba a kuma soke iyaka ba. Sai dai auratayya da ƙawance da biki sun ci gaba da ƙetare ta kowane mako, ranar Laraba a kasuwar Ƙonni, ranar Lahadi a ta Illela. Ko da aka rufe iyakar a 2023, har zuwa watan Maris na 2024, ba fatake kaɗai suka ji jiki ba: matan da suke da bashin biki a tsallake su ma sun ji. Igiyoyin da aka fara tufkawa a dandali su ne suke riƙe da ƙasashen biyu ta ƙasa.

Yadda hannu ya saki aikin

Ba rana ɗaya darambuwa ta ja baya ba. Galura, wato rinin kanti, wanda asalinsa ya fara a Ingila a 1856, ya rage wa karan dafi da rawaya kasuwa. Zaren masaƙu na zamani ya sa mazari ya koma ƙarƙashin gado. Buɗe masana'antar siminti ta Malbaza a shekarun 1960, da babbar hanya mai lamba 1 da ta ratsa Ƙonni da Malbaza da Galmi, da bunƙasar cinikin albasa, duk sun ƙara yawan kuɗi a hannun jama'a, suka kuma kusanto da hajar waje. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun tilasta wa iyaye mata da yawa sayar da azurfarsu don sayen hatsi, abin da ya fita kuma bai cika dawowa ba. Gurbin da aka bari sai awarwaron roba da na gwangwani suka cike shi, masu araha, masu ƙyalli, da farko daga masana'antun Najeriya, daga baya daga Sin da Indiya.

Babu mai cewa a koma zamanin wuri. Abin tambaya shi ne me ya salwanta a hanya. Da, yarinya mai yi ce; yanzu mai saye ce. Da, ƴar talaka da ƴar attajiri daidai suke a gaban ciyawa, wadda ta fi haƙuri ita take fin kyan saƙa. Yanzu aljihun uba ne yake magana. Lokacin da ake zama a gindin bishiya ma ya ragu, makaranta ta ɗauki rabi, talabijin da waya suka ɗauki saura.

Makarantar boko ta yi yunƙurin mayar da aikin hannu. Makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan ƙasa sun fara a Damagaram a 1973. Samariya ta farfaɗo a zamanin Seyni Kountché. Manhajar ƙarshen shekarun 1980 ta shigo da darasin ayyukan hannu da malamai suka fi sani da APP. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa matsayi a koyarwa. A watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Sai dai doka ba ta saƙa kaba. Matsayin harshe a takarda ba zai hana kalma mutuwa ba, muddin abin da take nufi ya bar hannun yara.

Baƙon da ya tarar da danginsa

Munduwar zaren da littattafan Faransa suka kawo mana tana da nata tarihin. Ta yi tashe a Amurka a shekarun 1970 da 1980, ana danganta salon saƙarta da ƴan asalin Amurka ta Tsakiya. A birnin Salvador na ƙasar Barazil kuma akwai ƙyallen Bonfim, wanda wani yake ɗaura wa mutum da ƙulli uku, a bar shi a hannu har ya tsinke da kansa. A Bulgeriya da maƙwabtanta ana musayar zare ja da fari ranar 1 ga Maris, al'adar da UNESCO ta shigar cikin gadon ɗan Adam a 2017. A ko'ina ƙa'idojin uku ne: abin ba shi da tsada, wani ne yake ba ka, kuma ba ya dawwama. Waɗannan su ne ainihin ƙa'idojin kyautar ƙuruciya a wurinmu. Bambancin kawai, su sun rubuta nasu sun kai shi gaban duniya, mu kuwa namu yana bakin tsofaffi.

Shawara ga malamai da ƙungiyoyin al'adu

Na farko, a fara da tsofaffi kafin a fara da littafi. A gayyato kaka mai saƙar faifai ta zauna a tsakiyar aji, ta nuna, ta faɗi sunan kowace ciyawa da kowane salon kitso kamar yadda ake faɗa a garin, malami ya rubuta.

Na biyu, a bi tsanin da aka gada. Ƴan shekara huɗu zuwa biyar su yi tufka mai sili biyu; ƴan shida zuwa takwas su yi kitso mai ƙafa uku; manyansu su shiga mai huɗu da haɗa launi. A jiƙa kaba kafin a fara don kada ta yanki yatsa. Kada a ba ƙananan yara duwatsun da za su iya haɗiyewa, kada kuma a ɗaure har yatsa ya kasa shiga tsakanin zare da fata.

Na uku, a sa darasi a cikin aikin: ƙirga sili, auna wuyan hannu da zare sannan da santimita, faɗin launuka da Hausa da Faransanci.

Na huɗu, wanda shi ne mafi muhimmanci, kada yaro ya sa abin da ya saƙa. Kowa ya yi wa wani. A jefa ƙuri'a don kada maraya, ko baƙo, ko mai naƙasa ya tashi hannu wayam. Wanda aka ba ya yi godiya, ya kuma san cewa akwai ramuwa a kansa, domin yaba kyauta tukwici.

Su kuma ƙungiyoyin al'adu, aikin da yake gabansu shi ne tattarawa: ɗaukar muryoyin tsofaffi, da hotunan samfura, da jerin kalmomi, gari gari, daga Tsarnawa zuwa Gidan Idder, daga Tajaye zuwa Alela. Wuraren ajiya suna nan a Yamai, kamar cibiyar CELHTO ta adabin baka, da cibiyar binciken IRSH, da gidan tarihi na Boubou Hama.

Kammalawa

Tarihin adon hannu a ƙasar Ƙonni da Adar ya ratsa ta ayarin Abzin, da gilashin Bida, da riyal ɗin azurfa, da robar masana'anta. Amma ƙarƙashin duk wannan akwai ƙaramin aikin da ba ya shiga lissafin fatake, wanda a cikinsa yaro yake koyon abu biyu a zama ɗaya: sarrafa yatsunsa, da tuna wani. Matan da suka san sunayen ciyayin nan da salon kitsa su sun manyanta, kowace shekara kuma ana rasa wasu. Wanda yake da niyyar tambayarsu, kakar bana ce lokacinsa, tun ciyawa ba ta bushe ba.